Kabaskabo: Sojan da Ya Dawo Gida Ba Shaida

Mai karatu, idan ka kai gero kasuwar Bune, mai saye ba ya biyanka sai ya sa hannu cikin buhu. Ya ɗebo, ya murza, ya hura, ya ga ko da tsakuwa. Haka ya kamata a yi wa littafi, haka kuma ya kamata a yi wa wasan silima, wanda ake ce wa fim. Ba a cewa "ya yi kyau" kawai a tashi. Yau fim guda za mu sa wa hannu cikin buhu. Sunansa Kabaskabo, Nasara kuwa suna rubuta shi Cabascabo. Ɗan ƙasarmu ne ya yi shi, marigayi Umaru Ganda, ya fito a 1969. Ba shi da tsawo, wajen minti 45 ne. Ba shi da launi, fari da baƙi ne. Labarin tsohon soja ne da ya dawo gida daga yaƙi.

Sai ka san mai fim ɗin tukuna, don kansa ya ɗauka. An haifi Umaru Ganda a Yamai a 1935. Yana da shekara 16 ya shiga sojan Faransa, a 1951, ya fita a 1955. A cikin waɗannan shekaru aka kai shi Indoshin. Indoshin can gabas take da nisa, bayan ƙasar Hindu, ita ce yau ƙasashen Biyetnam, Lawos da Kambodiya. Mutanen can sun tashi suna neman ƴancinsu, Faransa ta ƙi. Aka yi ta yaƙi daga 1946 har 1954. Faransa ta kwashi dubban samarin Afirka ta kai su, su yaƙi mutanen da ba su taɓa yi musu kome ba.

Ba sabon abu ba ne. Tun 1857 Faransa ta kafa rundunar baƙaƙe da ake kira tirayer na Senegal. Ko mutum ɗan Muniyo ne, bai taɓa ganin Senegal ba, sunan ke nan. A 1919 aka kafa dokar ɗaukar soja kowace shekara. Kumandan ya aika wa sarki, sarki ya aika wa maigari, a tara samari, likita ya duba su. Wanda ƙuri'a ta faɗa wa ya yi shekara 3. Tambayi tsofaffin garinku, da wuya ka rasa gidan da aka taɓa ɗaukar wani, ko gidan da aka ɓoye wani a daji har masu ɗauka su wuce.

Da Umaru ya dawo bai samu aiki ba. Ya tafi Abijan, ya yi dako a tashar jiragen ruwa. A can ya gamu da wani Bafaranshe mai ɗaukar silima, Jan Rush, wanda ya sa shi cikin wani fim a 1958. Kusa da ƙarshen wannan fim ana ganin Umaru yana tafiya bakin ruwa, yana ba abokinsa labarin Indoshin, yana kwatanta yadda ake jifa da gurneti, yadda ake faɗuwa ƙasa. Amma na'urar a hannun wani take. Bayan shekara goma ya riƙe ta da kansa. Shi ya shirya Kabaskabo, shi ne kuma ya fito a matsayin sojan. Zalika Sule, wadda ta yi suna cikin matan silima na farko a Afirka, tana ciki.

Ga yadda labarin yake. Kabaskabo ya sauka gida da kuɗin sallama a aljihu. Ƴan uwa da abokai suka tarye shi da murna. Kowa na son zama kusa da shi. Shi kuwa yana ta ba da labarin yaƙi, yana ta kashe kuɗi a mashaya da wajen matan bariki. Yana cikin magana sai fim ya mai da mu baya, mu ga fagen fama, sa'an nan ya dawo da mu wurin hira. Kwana ya yi kwana, aljihu ya bushe. Masu zuwa suka ɗauke ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Ya nemi aiki, abin ya gagara. Mutumin da jiya ake miƙe masa, yau ba mai duban inda yake. A ƙarshe ya bar birni ya nufi karkara, ya ci da guminsa.

To, ina tsabar, ina tsakuwar?

Tsaba ta farko ita ce gaskiyar mutumin. Umaru Ganda zai iya mai da kansa jarumi. Shi ke da na'ura, shi ke da labari, wa zai hana shi? Bai yi ba. Ya nuna soja mai alfahari, mai sakin hannu, wanda yabo ke ruɗawa. Namiji ya tsaya gaban duniya ya nuna wautarsa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ba shi da kuɗin komawa Indoshin, a nan ƙasar aka kwaikwayi yaƙin, kuma mai ido zai gane. Wannan bai dame ni ba. Tunanin mutum dama haka yake zuwa, guntu-guntu, da gyara da rami. Duniya ma ta yaba. An nuna fim ɗin a babban taron silima na garin Kan a Faransa a 1969, ya kuma samu kyauta a Mosko a wannan shekara.

Amma tsabar da ta fi nauyi tana wurin hirar nan. Idan Allah ya sa ka ga fim ɗin, kada ka tsaya kan mai magana. Dubi masu saurare. A ganina nan ciwon yake. Suna gyaɗa kai, suna dariya, suna jiran abin da zai fito daga aljihu. Ko ya ce ya kashe mutum ɗari, za su ce haka ne. Ko ya ce tsoro ya kama shi har ya kasa tashi, ba za su gane ba. Inda ba ƙasa nan ake gardamar kokawa. Mutumin da ya ga mutuwa da idonsa, aka ajiye shi cikin waɗanda ba su gani ba, abu biyu ne gabansa: ko ya yi shiru har kabari, ko ya zama mai cika baki. Kabaskabo ya zaɓi na biyu. Yana sayen kunnuwa da kuɗinsa. Ranar da kuɗi ya ƙare, kunnuwa suka tashi.

Don ka ga girman abin da ya rasa, bari in kai ka wata ƙasa, wurin waɗansu sojoji da ake kira sojojin laima.

Sojan laima shi ne wanda jirgin sama ke ɗauka ya kai shi bayan abokan gaba. A buɗe ƙofa, ya yi tsalle cikin iska. Wata babbar laima ta yadi da ke goye a bayansa ta buɗe, ta sauko da shi a hankali. Yana saukowa ana harbinsa daga ƙasa, ba shi da wurin ɓuya. In ya sauka, sau da yawa cikin duhu, ba shi da kowa sai wanda ya faɗo kusa da shi. A daren 5 ga watan Yuni na 1944, wayewar 6, sojojin laima na Amurka wajen 13,000 suka sauka a Normandi, arewacin Faransa, don korar sojan Jamus. Iska da ruɗani suka watsa su cikin gonaki da fadamu. Waɗansu ruwa ya ci su da kayansu.

Cikinsu akwai wata ƙungiya ƙarama, mutum ɗari da ƴan kai, da ake kira Izi. Bayan yaƙi kowa ya koma garinsu, wani manomi, wani magini, wani malamin makaranta. Ƙasarsu faɗi gare ta, tsakanin wani da wani tafiyar kwanaki ce. Amma ba su rabu ba. Suna rubuta wa juna wasiƙa. Suna da takarda mai sunan kowa da inda yake zaune. Shekara-shekara suna haɗuwa a gari guda, su zo da matansu, daga baya har da jikoki. A 1988 wani malamin tarihi, Sitibin Amburos, ya same su wurin irin wannan taro. Ya bi su ɗaya-ɗaya yana tambaya. Suka fito masa da wasiƙu da littattafan da suka riƙa rubuta abin da ya faru kullum. A 1992 littafi ya fito mai suna Band of Brothers, wato taron ƴan uwa. A 2001 aka mai da shi fim na talabijin, duniya ta kalla. Na ƙarshensu, Biradfod Firiman, ya rasu a 2022. Mutanen sun ƙare, amma an san wa ya tsaya a wace gona, a wane dare.

Kada ka ɗauka cin nama da shan dariya ne kawai amfanin irin wannan taro. Babban amfaninsa shaida ce. Idan ɗaya ya ce, "Ni na ɗauko wane da aka harbe shi," akwai wanda zai ce, "A'a, mu biyu ne, kuma da safe ne, ba da dare ba." Ƙarya ba ta daɗewa a gaban wanda ya gani. Gaskiya mai nauyi kuma tana samun mai taya ɗauka. Abokin kuka shi ake gaya wa mutuwa. Wanda ya kasa gaya wa matarsa abin da ke tashe shi da dare, zai iya gaya wa wanda suka kwana rami guda. Kabaskabo ba shi da mai ƙaryata shi, ba shi da mai gaskata shi. Umaru Ganda bai faɗi haka da baki ba, amma ya sa mu gani, kuma saboda wannan kaɗai fim ɗin ya cancanci a neme shi.

A Indoshin ma an yi amfani da sojojin laima. A watan Nuwamba na 1953 Faransa ta zuba su a wani kwari mai suna Diyen Biyen Fu. Mutanen ƙasar suka kewaye kwarin daga kan duwatsu, suka yi ta ruwan wuta, har aka ci su ranar 7 ga watan Mayu na 1954. Akwai ƴan Afirka ta Yamma a cikin kwarin, da yawansu wajen manyan bindigogi. Faransawan da suka tsira sun kafa ƙungiyoyi, sun rubuta littattafai masu yawa. Ɗaya daga cikinsu, Piyer Shondorfer, wanda ya sauka can da laima yana ɗaukar hoto, ya yi fim a kan wannan yaƙi a 1992. Namu fa? Sunayensu suna cikin rajista a Faransa. Maganarsu kuwa ba ta shiga takarda ba sai kaɗan.

Maƙwabtanmu na kudu ma haka. Hausawa da Barebari da yawa na Najeriya sun yi yaƙin Bama ƙarƙashin Ingila. A 1944 an ɗauki bataliya uku na sojan Najeriya cikin jiragen sama, aka sauke su tsakiyar kurmi bayan sojan Japan. Waɗansu kuma, a kwarin Kaladan, sun yi watanni ba hanyar mota, abincinsu da harsashinsu da laima ake jefo musu daga sama. Sun dawo, an yi ta kiransu ƴan Bama, yara suna bin su. Sai a 2007 Biyi Bandele, wanda ubansa ya yi wannan yaƙi, ya rubuta littafin labari a kansu.

Yanzu sai tsakuwa. Akwai ta, kuma ba ɗaya ba ce.

Ta farko: fim ɗin ya tsaya kan mutum guda, bai buɗe mana zumuncin tsofaffin sojoji ba. Alhali akwai shi. A manyan garuruwa an yi gidan tsofaffin sojoji. Ranar biyan fansho suna haɗuwa bakin ofis tun da safe, wani ya zo a kan raƙumi, wani a ƙasa. Ranar 11 ga watan Nuwamba, ranar tuna ƙarshen yaƙin duniya na farko, sukan fito da tsohon kaki da lambobin yabo a ƙirji. Suna da faransancinsu na bariki da ba mai ji sai su. Suna kiran juna da muƙamin da aka sani tun can, ko da mai muƙamin yau itace yake sayarwa. Wannan duniya ce guda, da daɗinta da faɗanta. Da Umaru ya zaunar da Kabaskabo cikinta sosai, da mun ga yadda yake sauya murya a gaban wanda ya san gaskiya. Kuma fim ɗin bai hango cewa waɗannan mutane za su riƙe ƙasa ba. Shekara biyar bayan fitowarsa, ranar 15 ga watan Afrilu na 1974, Seyni Kunce ya karɓi mulki. Shi ma sojan Faransa ne a da, ya yi Indoshin, ya yi Aljeriya. Ba kowane wanda ya dawo ne ya faɗi ba.

Ta biyu ta fi ba ni haushi, ita ce maganar kuɗi. Wanda ya kalli fim ɗin zai tashi yana cewa, "Shi ya ja wa kansa, ya ɓarnatar da dukiyarsa." Gaskiya ne ya ɓarnatar. Amma wannan rabin magana ne. Soja ba ya samun fanshon aiki sai ya yi shekara 15. Wanda ya yi huɗu, kamar Umaru, sallama ce kawai, ta ƙare ta ƙare. Waɗanda suka cika shekarun ma an yi musu wayo. A watan Disamba na 1959, ana gab da ba ƙasashenmu mulkin kai, Faransa ta yi doka ta daskarar da fanshon sojojinta na ƙasashen da ta mallaka. Ma'ana, abin da kake karɓa a lokacin, shi za ka yi ta karɓa. Na Bafaranshe yana hawa kowace shekara, naka yana tsaye, tiyar gero kuwa ba ta tsaya jiran kowa ba. Rami guda, harsashi guda, biya daban.

Wani tsohon soja na Senegal, Amadu Jop, wanda ya yi aiki daga 1937 zuwa 1959, ya kai ƙara. Babbar kotun Faransa ta ba shi gaskiya ranar 30 ga watan Nuwamba na 2001. Shi kuwa ya rasu tun 1996. A 2006 wani fim mai suna Indigènes, a kan sojojin Arewacin Afirka, ya tayar da maganar har shugaba Shirak ya yi alkawarin gyara. Ba a daidaita fanshon duka ba sai farkon 2011. Lissafa da kanka, daga 1959 shekara nawa ke nan, mutum nawa suka rage. Kuma lura da abin da ya ci nasara: takarda, ƙungiya, da mutanen da ba su bar juna ba. Wanda ke zaune shi kaɗai a wani ƙauye bayan Gure, bai iya karatu ba, ba mai rubuta masa, ko labarin gyaran bai kai gare shi da wuri ba.

Umaru ya yi fim ɗinsa dokar nan tana da shekara tara. Bai sa ta gaba ba. Usman Samben na Senegal, shi ma tsohon soja, ya fi shi tsaurin ido a nan. A 1988 ya yi fim a kan barikin Caroy kusa da Dakar, inda ranar 1 ga watan Disamba na 1944 sojan Faransa suka buɗe wuta a kan tirayer da suka dawo daga Turai suna neman haƙƙinsu. Hukuma ta ce mutum 35 suka mutu. Masu binciken tarihi da yawa sun ce abin ya fi haka nesa. Sai a 2024 shugaban Faransa ya yarda ya kira shi kisan kiyashi. Samben ya nuna hannun da ya hana. Umaru ya nuna hannun da ya zubar. Na fi son Kabaskabo wajen sanin zuciyar mutum, amma a wannan wuri ya sassauta wa wanda bai kamata a sassauta wa ba.

Ta uku kai za ka fi ni ganinta, kai da ke noma. Fim ya ƙare mutum ya juya wa birni baya ya nufi karkara, kamar an ce ga magani. Ɗan birni ne kawai ke ganin gona hutu ce. Wace gona zai tarar? Wa ya riƙe masa ita shekarun da ba ya nan? Wa zai ba shi iri, wa zai ciyar da shi har kaka? Kuma dubi shekarar. Fim ya fito a 1969, daidai lokacin da ruwa ya fara ja da baya. A 1973 da 1974 dabbobi suka zube, mutane suka bar ƙauyuka suka nufi birnin nan da Kabaskabo ya baro. A 1984 aka sake. A ƙasar Bune, inda rairayi ke gangarowa cikin kwari yana binne dabino da gonakin rogo da wuraren kanwa, ba a gaya wa mutum "koma gona" a ɗauka an gama magana. Nan magana take farawa. Fim ɗin ya tsaya a inda ya kamata ya soma wani.

Umaru Ganda ya ci gaba da aiki. Fim ɗinsa a kan auren mata da yawa ya ci babbar kyauta ta taron silima na Wagadugu a 1972, shi ne na farko da aka taɓa ba ita. Ya rasu ranar 1 ga watan Janairu na 1981, yana da shekara 45. Akwai gidan al'adu a Yamai mai sunansa. Kabaskabo da zabarmanci da faransanci aka yi shi, don haka mutumin Bune, ko Bahaushe ko Manga ko Bafillace, sai ya samu mai fassara. Amma fuskar mai sauraro da ke jiran a saya masa abin sha ba ta bukatar tafinta.

Wanda ya je Indoshin yana da shekara 18 a 1954, yau ya kai 90 ko ya kusa. Na yaƙin Jamus kuwa sai dai ƴaƴa da jikoki. Amma a gidaje da yawa akwai akwatin ƙarfe, cikinsa akwai wani ƙaramin littafi da ya yi ja don tsufa, littafin soja. Da faransanci yake, amma lambobi iri ɗaya ne da waɗanda ka koya a ajin yaƙi da jahilci. Za ka iya karanta shekarar da aka ɗauke shi, lambarsa, lambar rundunarsa, da shekarar da aka sallame shi. Sauran malamin lakwal zai karanta maka: jirgin ruwan da ya shiga, garuruwan da ya sauka, inda aka ji masa rauni. Kwafe su a littafinka. Ranar kasuwa ka gwada da na wani gida, na Gure ko na Gidimuni. Idan lambar runduna ta zo ɗaya, shekara ta zo ɗaya, to, kakanku da kakansu tare suka tafi.